Ɗahiru Buta da Ƙugiyar da Ta Ɓata

In kana son ka ga tashin hankalin Ɗahiru Sulemanu, ba sai ka zage shi ba. Ka tsaya daga nesa kawai ka ce, "Buta!"

Sunan a kamfanin robar da yake aiki a Sharada ya samo shi. Da can Ɗahiru biyu ne a wurin, ɗaya a kan injin bokiti, ɗaya a kan injin buta, sai aka raba musu suna don kada a riƙa ruɗewa. Na bokitin ya bar aiki tuntuni ya tafi da bokitinsa, shi kuwa namu buta ta liƙe masa. Masu gadi Buta, mai shayi Buta, 'yan acaɓar bakin get Buta. Kai, har surukarsa in ta aiko da gaisuwa cewa take a gaishe mata da Buta. Abin yana ci masa rai ba kaɗan ba, domin shi a ganinsa marubuci ne, kuma ba ƙaramin marubuci ba.

Ya dai rubuta littafi, wannan ba ƙarya ba ne. Labarin wani maraya ne da duk abin da ya taɓa sai ya yi albarka, shi ya sa ya sa masa suna Ƙashin Arziki. Ya kai wata 'yar maɗaba'a a cikin gari aka buga, aka kawo masa kwalaye ya jibge a ɗaki.

Washegari a wajen mai shayi ya dafa kafaɗar Nuhu, abokin aikinsa mutumin Filato, ya ce, "Nuhu, ka san marubuci da littafinsa ake kiransa. Daga ranar da aka ƙaddamar da littafin nan, Buta ta mutu. Ɗahiru Mai Ƙashin Arziki, shi ne sunana."

Shi Nuhu Hausarsa garau take, sai dai harshensa bai san ƙugiya ba, ƙ da k duk ɗaya ne a wajensa. Ya kurɓi shayi ya ce, "Mai Kashin Arziki. Ya yi, Oga."

Ɗahiru ya zabura. "Ƙa! Ƙa, daga maƙogwaro! Ƙashi, na jikin mutum. Abin da ka faɗa ɗin nan a bayan gida ake yinsa. Ku mutanen Jos kun gama da Hausa!"

"To ai shi na ce, Oga. Kashi."

"Sha shayinka."

A gida kuma matarsa Fiddausi ce ta tare shi. "Baban Zainab, ka kai littattafan nan kasuwa wajen masu sayar da littafi mana. Ko ka ba ni kaɗan in kai gidajen da ake ba da hayar littafi."

Ya yi mata wani kallo na tausayi. "Kasuwa? Haya? Fiddausi, duniya ta wuce nan. A intanet zan sayar da su."

"Ina ne kuma intanet?"

"Ba wuri ba ne. Ko'ina ne."

"To in ko'ina ne, a kwashe su a kai can. Sun cinye min wajen shimfiɗa tabarma."

A wancan lokacin ne shagunan kafe suka cika Kano, inda mutum zai biya a ba shi kwamfuta ya shiga intanet. Akwai ɗaya a bakin titin Sharada, na wata mata Lidiya, janareta na ta ruri a ƙofa. Nan Ɗahiru ya je da babbar riga ya zauna. An ba shi labarin wani dandali inda marubuta da makaranta ke musayar saƙonni ta imel, shi ne ya sa Lidiya ta shigar da shi. Da ta ce ta taya shi bugawa sai ya ɗaga mata hannu. Marubuci guda a buga masa rubutu?

Ya miƙe yatsa ɗaya ya shiga farautar haruffa. Can sai ya tsaya, ya duba sama, ya duba ƙasa, har ya ɗaga abin bugun ya leƙa ƙarƙashinsa.

"Madam, an sace miki harafi."

"Wane harafi, Malam?"

"Ƙa mai ƙugiya."

Lidiya ta yi dariya. "Ai da ma ba ta zo da shi ba. Masu rubuta Hausa a nan ɗan waƙafi suke sa wa a saman k ɗin, sai a gane."

Ya gwada, ya karkata kai ya dubi abin, ya yamutsa fuska. "Haba! Kamar ƙuda ya sauka a kan sunan littafina? Allah ya kiyaye." Ya goge waƙafin. "Duk mai ilimi zai gane. Wanda bai gane ba, da ma ba don shi na rubuta ba."

Ga abin da ya aika wa duniya:

"Jama'a albishirinku! Bayan shekara da shekaru ina ta nishi ni kadai, yau Allah ya sa KASHIN ARZIKI ya fito. Na sha wuya kafin ya fito, amma da ya fito sai na ji sakayau. Nawa ne ni kadai, babu hannun kowa a ciki. Kuma mai kauri ne, ba irin sirara da wasu ke yi ba. Naku, Dahiru Sulemanu, Fasihi."

Ya miƙe ya baza riga ya fita, yana gaisawa da mutanen da ba su gaishe shi ba.

Da ya dawo bayan kwana biyu amsoshi sun taru jingim. Na farko ya ce sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi, a riƙa shan ruwa da cin gwanda. Na biyu ya ce yana taya shi murna, amma shin dole sai an sanar a dandali? Wata baiwar Allah kuwa cikin ladabi ta tambaya ko littafi yake nufi, in littafi ne me ya ƙunsa, kuma a ina ake samunsa.

Na gwandar ya ɗauka addu'a ce irin ta masoya, har ya amsa da amin. Tambayar baiwar Allahn nan ce ta ƙona masa rai. "Ji hassada! Wai ko littafi ne!" Ya zauna ya rubuta mata amsa mai zafi, ya ce in ba ta san Ɗahiru Sulemanu ba ta je ta tambaya. Bai faɗi abin da littafin ya ƙunsa ba, bai faɗi inda ake samu ba.

Sai kuma dabara ta faɗo masa. Tunda makaranta sun yi nawar yabo, me zai hana ya taimaka musu? Ya buɗe sabon imel da sunan wata Binta Bompai, wadda babu ita a duniya, ya rubuta:

"Gaskiya tunda na dauki Kashin Arziki na kasa ajiye shi. Da shi nake kwana a karkashin matashi. Har makwabta sun san ya shigo gidanmu. Maigidana ma ya ce in na gama in sam masa."

Yabon ya yi masa daɗi har ya ji ƙwalla. Cikin wannan daɗin hannu ya tafi inda ya saba, ya rufe saƙon Binta da, "Naku, Dahiru Sulemanu, Fasihi."

Ranar dandali ya kusa tsagewa. Wani ya tambaya ko Binta ce Ɗahiru ko Ɗahiru ne maigidan Binta. Wani ya ce shi dai maƙwabtan yake tausaya wa. Ɗahiru ya naɗe hannun riga ya bi su ɗaya bayan ɗaya da baƙar magana, har shugaban dandalin ya gaji ya cire shi.

"Madam, ya ƙi shiga."

Lidiya ta leƙo. "Sun kore ka ne, Malam."

Ya jingina da kujera yana murmushi. "Sun ji tsoro ke nan. To ni da ma talakawa nake wa rubutu. Akwai hanyar da zan shiga aljihun kowa kai tsaye?"

Akwai kuwa. Ta nuna masa wani shafi da ake tura tes zuwa wayoyi da yawa a lokaci guda, in dai kana da lambobin. Lambobi? Ɗahiru ya hau acaɓa ya zaga Bompai da Sharada da Challawa, duk lambar da ya gani a bango, ko a bayan tirela, ko a allon shago, sai ya kwafe. Babbar sa'arsa a Challawa ya yi ta, inda wani mai cajin waya a ƙarƙashin lema ya bar shi ya kwashi lambobin masu kawo caji. Bai tambayi ko su waye ba. Manoman rani ne na bakin kogi, ga lokacin dashe ya matso, ga taki ya yi wuya, kowa na neman kashin kaji ido rufe.

Ya koma kafe ya tsara saƙo, sai akwatin ya ƙi ɗauka.

"Ya yi tsawo, Malam. Sai ka cire kalma ɗaya."

Ya dubi "shahararren", ya ji ba zai iya ba. Ya dubi "gwani", ya ji kamar a cire masa haƙori. Ya dubi "fasihi", wannan kam ko da wasa. Sai idonsa ya sauka a kan "littafin".

"Wannan ce ba ta da aiki. Wa bai san littafi ba ne?" Ya goge ta, saƙo ya tafi ɗauke da lambar wayarsa:

"ALBISHIR! Sabon KASHIN ARZIKI na shahararren gwani fasihi Dahiru ya fito. Sari ko daidai. A zo filin bayan kamfanin roba, Sharada, Asabar da hantsi."

Yana isa gida waya ta fara ruri. Wani dattijo ne, muryarsa na yankewa saboda rashin sabis.

"Salamu alaikum. Idrisu ne daga Challawa. Kai ne mai kayan nan?"

Ɗahiru ya sa wayar a amsa-kuwwa don Fiddausi ta ji. "Ni ne, Baba, da kaina."

"Madalla. Ya bushe dai ko?"

Shi tawada ya ɗauka ake nufi. "Ƙayau! Ko kun damƙe shi ba zai ɓata muku hannu ba."

"Yana da ƙarfi?"

"Baba, duk wanda ya buɗe shi sai ya yi hawaye."

"Kai, madalla! Irinsa muke nema. Na gidan gona ne?"

"Wane gidan gona? Ni na yi shi da kaina, a ɗakina."

Dattijon ya ɗauka a ɗaki yake kiwon kajin. "To, Allah ya yi albarka. Za a samu kamar cikin amalanke?"

Ɗahiru ya dubi matarsa, ya nuna wayar da haɓa. "Ko mota kuka kawo, Baba."

Da ya kashe sai Fiddausi ta ce, "Baban Zainab, tsohon nan kuwa littafi yake nufi? Ni ban taɓa jin an sayi littafi a amalanke ba."

"Ai ba ki taɓa auren marubuci irina ba, shi ya sa."

Haka masu kira suka yi ta bugowa, shi kuwa yana ta cika musu baki. Ya yi hayar rumfa da kujeru da lasifika. Ya sa Nuhu ya zama mai gabatarwa, bisa sharaɗin kada ya kuskura ya ambaci sunan littafin. Sannan ya je ofishin manajan kamfanin, Alhaji Abubakar, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya nake roƙo. In kun tashi jawabi, ku da bakinku ku raɗa min sabon suna a gaban jama'a. In ya fito daga bakinku, babu mai sake ce min Buta."

Alhaji mutum ne mai son raha, ya ce ya ɗauki alkawari.

Ranar Asabar da hantsi rumfa ta tsaya, an jera littattafai a kan babban tebur an yi musu dala. Ma'aikatan kamfani sun zo, don an ce akwai lemo. Fiddausi da ƙawayenta na gefe. Alhaji ya hakimce a tsakiya. Ɗahiru na ta kai da kawo cikin shadda mai sitaci, yana duban hanya.

Sai ga su. Jaki na farko ya karyo kwana da mangala a bayansa, na biyu na biye, sai amalanken shanu, sai wata tsohuwar akori-kura cike da mutane, kowa da shebur a kafaɗa da damin buhunan wofi. Wasu ma sun ɗaure hanci da ƙyalle tun daga nesa.

Ɗahiru ya fizge makirfon daga hannun Nuhu. "Jama'a, ku gani da idonku! Wannan shi ne intanet! Aka ce in kai kasuwa. To ga kasuwa ta taso da ƙafarta, har da buhuna!"

Aka yi tafi. Nuhu ya matso ya raɗa masa, "Oga, shebur fa? Da shebur ake karatu?"

"Kai dai ka cika ƙauyanci. Daga gona suke, ɗoki bai bar su sun biya gida ba."

Wani dattijo mai farin gemu ya ɗaure jakinsa a jikin ƙafar rumfa, ya yi sallama. Malam Idrisu ke nan. Ya ɗaga hanci ya shaƙi iska ta gabas, ya shaƙi ta yamma, ya dubi Ɗahiru.

"Samari, ina jibgin yake? Ni ban ji komai ba."

"Ga shi a gabanku, Baba!" Ya nuna tebur da hannu biyu, makirfon na manne a bakinsa, duk filin na ji.

"A cikin takarda kake ƙunshe shi?"

"Bango mai sheƙi ma kuwa."

Malam Idrisu ya ɗauki guda, ya juya shi, ya girgiza, ya kai hanci ya shinshina. Ya buɗe tsakiya ya sake shinshinawa. "Yaro, wannan ai littafi ne."

"To da mene ne, Baba?"

"Kashi ka ce mana! Kashin kaji muka zo saya, mu zuba wa tumatir!"

"Ƙashi! Ƙa! Ƙa!" Ɗahiru ya kama maƙogwaronsa yana nunawa. "Da ƙugiya!"

"Ni ban ga ƙugiya ba." Dattijon ya zaro waya daga aljihu ya miƙa wa Alhaji. "Alhaji, ku duba mana don Allah, ko idona ne."

Alhaji ya gyara tabarau ya karanta a hankali. Kafaɗunsa suka fara rawa. Manoma kuwa suka yo caa, kowa da wayarsa a sama.

"Ni na tambaye ka ya bushe, ka ce ƙayau!"

"Ni cewa ya yi in na kai gida matata ba za ta yi barci ba!"

"Ni ya ce min har Ingila za a kai shi!"

Wani daga kan akori-kura ya ƙwala, "Malam Idrisu, ba kai ka ce ya ce shi ya yi shi da kansa a ɗakinsa ba?"

Wayyo! Filin ya kece. Ma'aikata na faɗowa daga kan kujeru, wani lemo ya fito masa ta hanci. Fiddausi ta ja mayafi ta rufe fuska, amma kafaɗunta sun tona mata asiri. Nuhu ya karɓi wayar ya duba, ya dafa Ɗahiru cikin tausayi.

"Oga, ashe kwamfutar nan 'yar garinmu ce."

Ana cikin haka sai aka ji ƙurus-ƙurus a wajen tebur. Jakin Malam Idrisu ne ya miƙa wuya ya ja littafi guda daga ƙasan dalar, dala ta rushe, shi kuwa ya taka bangon da kofato yana yagar shafuka yana taunawa, ido a lumshe.

"Littafina! Baba, ku kama jakinku!"

Malam Idrisu ko motsi bai yi ba. "Bar shi ya ci, yaro. In ya kwana da shi, gobe da safe ma samu abin da ka tallata."

Nan Alhaji Abubakar ya kasa zama. Hularsa ta faɗi, hawaye na zuba, yana dukan tebur. Amma mutum ne mai cika alkawari. Ya miƙe da kyar ya karɓi makirfon, Ɗahiru na yi masa alama da hannu a bari, a bari, shi kuwa bai gani ba.

"Jama'a, an roƙe ni in raɗa suna. Daga yau babu sauran Buta. Sunansa Ɗahiru Mai... Mai..." Dariya ta shaƙe shi daidai inda ƙugiyar za ta fito. "Mai Ka... Ka..."

Filin gaba ɗaya, da manoma da ma'aikata, suka ƙarasa masa da murya ɗaya.

Manoma suka kaɗa jakunansu suka tafi da buhunan wofi suna mita, sai dariyar da suka tafi da ita guzuri. Kwalaye kuwa suka koma inda suka fito, wajen tabarmar Fiddausi.

Ranar Litinin Ɗahiru ya so ya shige kamfani ta gefe, kansa a ƙasa. Ina! Tun daga bakin titi ɗan acaɓa ya rage gudu ya ce, "Mai Kashi, an tashi lafiya?" Mai gadi ya buɗe masa get har da sarawa, "Sannu da zuwa, Mai Kashi." Mai shayi ya tambaya ko a ƙara wa Mai Kashi madara, ko tana ɓata masa ciki.

Ɗahiru ya tsaya a tsakiyar get, idonsa ya cika da ƙwalla, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Jama'a, don girman Allah, sunana Buta! Buta nake! Ku dawo min da butata!"

Nuhu ya ajiye kofin shayi ya taso ya rungumo kafaɗarsa.

"Kwantar da hankalinka, Oga, ba wanda zai raba ka da ita. Mai wannan suna ai ba ya zuwa ko'ina sai da buta."